Jirgin da ke neman lori daga sama: me ya haɗa shi da garkenmu?

   

Maganar yau wani dattijo ne ya jawo ta. Ranar kasuwa, a zaribar dabbobi, ya kama hannuna ya nuna mini wani bidiyo a wayar jikansa. Jirgi ne fari-fari, shimfiɗaɗɗe kamar jemage, ba wutsiya, ba wuya. Ya ce, “Ɗana, kai da ke rediyo, wannan kuma na wa ne? Nan zai zo?” Na ce masa, Baffa, na Amurka ne, kuma ba don mu aka ƙera shi ba. Ya saki hannuna, hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa da na koma gida sai na ga rabin amsa na ba shi. Jirgin ba zai zo Managil ba, amma tunanin da aka ƙera shi da shi ya riga shi isowa, yana nan yana shawagi a kanmu. Sauran rabin amsar ke nan na kawo yau.

Sunansa B-21 Raider. Kalmar ta ƙarshe, in ka juya ta da Hausa, mahari take nufi, kuma mai shanu ba ya bukatar a yi masa bayanin mahari. Kamfanin Northrop Grumman ne ya karɓi kwangilarsa a shekarar 2015. An fito da shi aka nuna wa duniya ranar 2 ga Disamba 2022 a Kalifoniya, ya yi tashin farko ranar 10 ga Nuwamba 2023, har yanzu kuma gwaji ake yi. Amurka ta ce aƙalla guda 100 take so, kowanne a kan kusan dala miliyan 700. In muka ƙaddara sa ɗaya a dala dubu, jirgi ɗaya shanu dubu ɗari bakwai ke nan. Sin da Rasha ma suna da nasu a kan hanya, H-20 da PAK DA, sai dai ba wanda aka nuna yana tashi tukuna.

Yayansa shi ne B-2, wanda ya fara tashi a 1989. Guda 21 kacal aka ƙera saboda tsada. Mutum biyu ke tuƙa shi, yana cin kimanin kilomita 11,000 da tanki ɗaya, kuma in mai ya yi ƙasa ba ya sauka: wani jirgin dakon mai ne ke tarye shi a sama, ya miƙo masa bututu, ya sha suna tafe. Da haka ne a Yunin 2025 guda bakwai suka tashi daga jihar Misuri, suka jefa bama-bamai kan wuraren nukiliyar Iran, suka koma gida, tafiyar kwana ɗaya da rabi ba tare da taya ta taɓa ƙasa ba.

To me ya sa ba shi da wutsiya? Wanda ya taɓa yin kira a tsakanin duwatsun Jabal Moya ya san murya tana bugun dutse ta dawo. Haka radar take aiki. Tana aika wata igiya sama, in ta bugi ƙarfe ta dawo, mai gadi ya san akwai jirgi, ya san nisansa. Duk wani lungu da kusurwa a jikin jirgi, kamar wutsiya ko bakin inji, dutse ne mai maido da kira. Sai masu ƙira suka cire wutsiyar, suka binne injin a cikin jiki, suka sulɓe ko'ina yadda igiyar za ta zame ta wuce gefe, sannan suka shafe shi da wani irin shafi mai shanye abin da ya rage. Ba wai jirgin ya ɓace ba ne, ido na iya ganinsa da rana in ya yi ƙasa. Abin da ke komawa wurin mai gadi ne ya zama ɗan kaɗan, har ya makara kafin ya gane.

Wannan duk tsohon labari ne. Sabon shi ne abin da ake son B-21 ya yi bayan ɗaukar bam. Shugabannin sojan Amurka da kansu sun faɗa cewa zai yi leƙen asiri, ya tattara bayanai, ya raba wa sauran jirage da makamai, ya zama kamar jagaban da ke gaba yana nuna hanya. An kuma tsara shi yadda wata rana zai iya tashi da mutum a ciki ko babu mutum. Wato ido ne kafin ya zama hannu.

Direbobi, a nan nake so ku buɗe kunne, don asalin wannan tunani a kan lori ya faro. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Iraƙi tana harba makamai masu linzami samfurin Scud daga bayan manyan motoci. Su harba, su naɗe kaya, su ɓace cikin sahara ko ƙarƙashin gada. Jiragen Amurka da ƙawayenta suka yi ta farautarsu makonni. Matuƙa suna dawowa suna cewa mun kona kaza, mun kona kaza. Da yaƙi ya ƙare aka zauna aka bincika, sai binciken sojan saman Amurka da kansa ya kasa tabbatar da ko mota ɗaya ta Scud da jirgi ya lalata. Me aka kona ke nan? Wasu na bogi ne da aka jera don yaudara, wasu kuwa tankokin mai ne. A kan titin Bagadaza zuwa Amman direbobin Jodan masu dakon fetur sun mutu a wannan farauta. Daga sama, da dare, tankar mai da motar makami tsawonsu ɗaya, zafinsu ɗaya.

Darasin da sojoji suka ɗauka shi ne a ƙara ido, kuma a matso da shi kusa da bam. Tauraron ɗan Adam yana wucewa ne ya tafi, sai an jima ya zagayo. Manyan jiragen leƙen asiri na da, ana ganinsu daga nesa, ƙasa mai ƙarfi kamar Sin za ta kakkaɓo su. Saboda haka sai a sa idon a cikin jirgin da ke iya ɓuya, ya shiga can ciki, ya daɗe yana kewayawa, ya ga motar da ta motsa, ya buge ta kafin ta shiga rami. A Janairun 2017, lokacin da B-2 guda biyu suka taso daga Amurka suka bugi sansanonin 'yan ISIS a kudu da Sirte a Libiya, maƙwabciyarmu, jirage marasa matuƙi ne suka yi aikin kallo da ƙarasawa. Ido daban, hannu daban. Yanzu so ake a rage tazarar da ke tsakaninsu, daga awoyi zuwa mintoci.

Mu dawo gida. Samaniyar Sudan ta daɗe da sanin jirgin yaƙi. A 1916 Turawan Ingila sun yi amfani da jirage a kan rundunar Sultan Ali Dinar a Darfur. A 1927 da 1928 jiragensu sun bi Nuwer a kudu, kuma garken shanu suka riƙa bugu, don sun san inda ran makiyayi yake. Ranar 20 ga Agusta 1998 makamai masu linzami na Amurka suka rushe masana'antar magani ta Shifa a Bahri, bisa zargin ana haɗa sinadarin makami mai guba a ciki. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, a shekarar da ta biyo baya aka sake wa mai masana'antar dukiyarsa da aka riƙe. Manyanmu sun tuna cewa har maganin dabbobi ake yi a wurin, ban da na zazzaɓin cizon sauro.

Sai Antanof. Mutanen Nilu Shuɗi ba sa bukatar in ba su labari. Tun Satumbar 2011 suka san gurnaninsa, suka san haƙa rami a bayan ɗaki, wasu suka ƙetara Maban da Habasha ba su dawo ba har yau. Antanof jirgin dakon kaya ne, ba a ƙera shi don yaƙi ba. Ƙofar baya ake buɗewa a gangaro da bam daga can sama, ya faɗa inda Allah ya nufa. Makaho ne. Amma yana da abu ɗaya da tsofaffi ke ambata: kana jin sa kafin ya iso, kana da lokacin da za ka ja yaro ka kwanta.

Abin da ya zo mana a wannan yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ba makaho ba ne. Musayyara, jirgi marar matuƙi, ita ce B-21 ɗin talaka. Tunanin ɗaya ne: ta daɗe a sama, ta gani, ta buga da kanta. Rahotanni sun nuna jeshi yana aiki da samfurin Turkiyya da na Iran, Da'ama kuma da samfurin Sin. Bayraktar TB2 ta Turkiyya tana iya yin kwana guda cur ba ta sauka ba, kuma da kuɗin B-21 ɗaya za ka sayi irinta sama da ɗari. Mun ga abin da suka yi wa tashar wutar Marawi a farkon 2025, muka kwana cikin duhu, injinan ban ruwa suka tsaya. Daga 4 ga Mayun 2025 suka yi kwanaki a jere suna bugun Bur Sudan, garin da kowa ya ɗauka ya fi ƙarfin nisa. Managil ba ta faɗi ba a duk watannin da Madani ta yi a hannun Da'ama, daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025, amma musayyara ba ta tambayar inda layin yaƙi ya tsaya.

Yanzu, me wannan idon yake gani? Iri uku ne, a taƙaice. Akwai kamara ta rana, wadda daga nisan kilomitoci take rarrabe mota da amalanke, ta ƙirga mutane. Akwai ta dare, wadda zafi take gani: jikin mutum, jikin saniya, injin da bai huce ba, tokar da aka dafa shayi a kanta. Duhu ba mafaka ba ne a wurinta, hasali ma da asuba, lokacin da ƙasa ta yi sanyi, ta fi ganin mai rai. Manyan jirage kuma suna da radar da ke zana hoton ƙasa ta cikin gajimare da habub, tana ware duk abin da ke motsi. A kan wannan sai a ƙara kunne: waya, Thuraya, na'urar Starlink, duk suna magana da sama ko kana barci.

Abin da ba ya gani shi ne niyya. Yana ganin Tatshar uku a jere da dare, fitilu a kashe. Bai san ko direbobin tsoron 'yan tare hanya ne ya sa suka kashe ba. Yana ganin maza talatin a gindin bishiya da babura a gefe. Bai san ko ɗaurin aure ne, ko sulhu ne tsakanin mai gona da mai shanu. Yana ganin dogon abu a kafaɗar saurayi, sanda ce ko bindiga, sai mai kallo ya yanke. Mai kallon kuma yana zaune a ɗaki mai sanyi, wataƙila bai taɓa kwana a ruga ba, an kuma riga an faɗa masa cewa akwai maƙiyi a yankin. Duk abin da ya gani, ta cikin wannan labarin yake ganinsa.

Ba zato nake yi ba. A Kabul, ranar 29 ga Agusta 2021, musayyarar Amurka ta bi wata farar Corolla kimanin awa takwas. Ba a rasa ido ba ke nan, an kalla har an gaji. Suka ga mutumin yana loda wasu abubuwa a bayan mota, suka ce bam ne. Jarkokin ruwa ne yake kai wa iyalinsa. Mutum 10 suka mutu, 7 yara. A Bunti ta ƙasar Mali, ranar 3 ga Janairu 2021, jiragen Faransa suka bugi wani taron maza a ƙauyen Fulani. Faransa ta ce mayaƙa ne, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bikin aure ne, fararen hula 19 suka rasu. A Najeriya, Janairun 2023, a Rukubi kusa da Doma a jihar Nasarawa, makiyaya sun je sun karɓo shanunsu da aka kama, suna sauke su daga mota, jirgi ya buge su, kusan mutum 40. A Tudun Biri ta jihar Kaduna kuwa, daren 3 ga Disamba 2023, taron Mauludi ne, aƙalla mutum 85. A nan gida, a Yunin 2025, an bugi ayarin loririn abincin agaji kusa da Koma a Darfur ta Arewa, mutum biyar suka mutu, kowane ɓangare yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Ku duba jerin nan da kyau: jarka, biki, shanu a mota, Mauludi, lori. Rayuwarmu ce ta yau da kullum. Wannan ne ya sa in na ji masu ƙera jirage suna alfahari cewa sabon ido zai rage kuskure, nake jinjina kai. Ƙila ya rage irin kuskuren Antanof, na auna nan ya faɗa can. Kuskuren Kabul daban ne, makamin ya faɗa daidai inda aka auna. Kuma duk minti ɗaya da aka rage tsakanin gani da bugu, minti ne da wani zai iya cewa, “Dakata, a tambayi mutanen wurin.” Ga shi yanzu hotunan sun fi ƙarfin idon mutum, ana koya wa kwamfuta ta riƙa zaɓo abin da ya kamata a kalla. Wa ya koya mata bambancin ayarin fatake da ayarin mayaƙa a hanyar Kosti?

To me mutum zai yi? Ba ni da laya, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce akwai dabarar da ke tsare mutum ɗari bisa ɗari ba. Mutanen Tudun Biri ba su yi laifin komai ba. Amma akwai abin da hankali ke nunawa daga irin wuraren da ake bugu. Tashar wuta, ma'ajiyar mai, filin jirgi, gada, barikin soja: kada a sauke garke ko a kwana da lori a jikinsu, ko da ciyawar wurin ta fi kyau. In ayarin motocin yaƙi ya tsaya a hafir ko a rumfar mai shayi, ko na wane ɓangare ne, a ja da baya, a shayar da dabbobi daga baya. Direba, na san bin bayan motar soja yana kare ka daga ɓarayin hanya, amma daga sama kun zama ayari ɗaya. Kai za ka auna wanne ya fi haɗari a wannan hanyar, a wannan daren.

Batun waya kuma, ƙannena, kada ku karɓi layi ko Thuraya na wanda ba ku sani ba don ku kai wa wani, ko nawa zai biya. Wanda ke bin lamba bai san hannun da ke riƙe da ita ba. In bugu ya auku, a ɗauke wanda ya ji rauni a watse, kada a taru ana kallo, don ido yana iya kasancewa a sama tukuna. Tarkacen da ya faɗo, ko bam da bai fashe ba, kada yaro ya taɓa, kada a kai wa maƙeri ko mai sayen ƙarfe. A kewaye wurin da ƙaya, a faɗa wa shehun gari ko umda.

Akwai kuma abin da na ga muna sakaci da shi. Doka tana tare da mu, ko da ba ta da jirgi. Ƙarin yarjejeniyoyin Janiba na 1977, waɗanda Sudan ta shiga a 2006, sun hana a kai hari kan abin da farar hula ke rayuwa da shi don a jefa su cikin yunwa, kuma sun ambaci dabbobi, amfanin gona, ruwan sha da hanyoyin ban ruwa da sunansu. Wato saniyarka da tur'ar da ke shayar da hawasharka suna cikin rubutun. Kun san me ya sa aka san gaskiyar Kabul? Maƙwabta da abokan aiki sun yi magana, hotunan kamarar ofis sun fito, 'yan jarida suka bi diddigi, bayan mako uku sojan Amurka ya amsa kuskure. A Tudun Biri babban hafsan sojan ƙasa ya je garin ya nemi gafara. A Rukubi sai da aka yi watanni kafin sojan sama ya amsa cewa shi ne. Ba ɗaya da ya dawo da rai, amma inda ba a rubuta komai ba, ko amsawar ba a samu.

Saboda haka in ya faru a rugarku ko a ayarinku, Allah ya kiyaye, wani mai karatu ya zauna ya rubuta tun abin yana sabo: rana, lokaci, sunan wurin, su wa suka rasu, shanu nawa, shaidar da ke jikinsu, lambar lori da abin da ya ɗauko. A ɗauki hoto daga nesa. A ajiye kwafi wurin umda, a ajiye wani wurin limami. In za ku tashi da garke mai yawa ko za ku yi taron biki a daji, ku sanar da shugabannin wurin tun kafin ranar, ko ba komai an sami wanda zai ce, na san su, ni aka faɗa wa.

Baffan da ya tare ni a zariba, in kana saurare ko jikanka zai karanta maka wannan a takarda, ga cikon amsarka. Na jemagen can na Amurka ne, Sin yake hange. Wanda za ka kula da shi ƙarami ne, wani lokaci za ka ji ƙugi siriri kamar na injin niƙa daga nesa, wani lokaci ba za ka ji komai ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da masu bin burtalin da ya bi ta yammacin Sinja zuwa Damazin, su faɗa mana inda aka sami ruwa bana da inda aka toshe hanya da gona. Wanda ke da labari daga Kurmuk ko Rank ya aiko ta hannun direbobin ranar kasuwa. A tsaya nan, farashin dawa da riɗi na tafe.